Yagaggen rufi da ƙofar da sai an ɗaga: me za a duba a tsohuwar mota mai buɗaɗɗen sama?

Tambaya: Na ci karo da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen sama, MGB ƙirar 1973, kuma raina ya biya. Fentinta sabo ne, yana ɗaukar ido. Sai dai rufin tamfol ɗin ya yage a gefe, ledar tagar baya ta yi ja har ba a ganin komai ta cikinta, kafet ɗin ƙasa kuma da ɗan danshi. Ƙofar direba sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Mai motar ya ce rufi kaɗai take buƙata. Gaskiya ne? Me zan duba kafin in ba da kuɗina?

Amsa: Malam, cikin duk abin da ka lissafa, wanda mai motar ya nuna maka shi ne mafi sauƙi. Rufin MGB ana sayar da shi a ɗinke, wanda ya iya aikin zai ɗaura shi cikin wuni ɗaya ko biyu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙofar nan da sai an ɗaga ta, da danshin kafet, da sabon fenti a jikin motar da ta haura shekara 50. Idan ukun nan suka haɗu a mota ɗaya, galibi wuri ɗaya suke nunawa: ƙarfen da ke kwance a ƙarƙashin ƙofa.

Ga dalili. A mota mai rufin ƙarfe, rufin yana cikin abin da ke riƙe da jikinta. Ɗauki kwalin da aka liƙe bakinsa ka murɗa, za ka ji ya yi gardama. Yanke murfin ka sake murɗawa, sai ya bi hannunka. Motar da ba ta da sama haka take. Duk wahalar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya ta koma kan daɓen ƙasa, da tudun da giya ke bi a tsakiya, da dogayen akwatunan ƙarfe biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda za mu kira dokin ƙofa. MGB kuwa, wadda aka yi ta ƙerawa a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, ba ta da shasi dabam da aka ɗora bodi a kai. Bodin da kansa shi ne shasin. Saboda haka idan dokin ƙofa ya ruɓe, tsakiyar motar tana sauka a hankali, ramin ƙofa ya matse daga sama, ƙofa ta fara gogar gefenta. Mai ita sai ya koyi ɗaga ta ba tare da ya sani ba, har ya manta cewa da can ba haka take ba.

Dokin ƙofar MGB falle-falle ne. Akwai na waje da ido ke gani, akwai wani tsayayyen falle a tsakiya wanda shi ne ƙashin bayan wurin, akwai mai lanƙwasa a ƙasa da ya haɗa su da daɓe, sannan na ciki wanda kafet ya rufe. Tsatsa daga ciki take farawa. A wancan zamani ba a cika shafa wa ƙarfen mota tutiya mai hana tsatsa ba, cikin akwatunan nan kuma fenti bai cika kaiwa ba. Sai a tsakiyar shekarun 1970 Porsche ta fara yin bodi gaba ɗaya da ƙarfe mai tutiya, sauran kamfanoni suka biyo baya sannu a hankali. Raɓa tana taruwa a ciki, laka ta toshe 'yan hudojin da ruwa ke fita, ƙarfe ya yi ta ci daga baya. Kafin ka ga fenti ya yi ƙuraje a waje, fallen tsakiya ya daɗe da zama gari. Wani abin da ke ƙara tsadar gyaran shi ne, dokin bai tsaya iya faɗin ƙofa ba. Kansa ɗaya ya shige bayan madigadin gaba, ɗayan ya shige ƙarƙashin na baya, kuma a waɗannan ɓoyayyun wurare ya fi ruɓewa. Gyara na gaskiya sai an kwance madigadin gaba ko an yanke ƙasansa, an kuma yanke ƙasan na baya. Mai son sauƙi kuwa sai ya liƙa sabon falle a kan ruɓaɓɓe, ya cike gefe da fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi, ya fesa fenti. Wani ma fallen ƙarfe mai sheƙi yake ɗaurawa a kai da sunan ado. Duk inda na ga wannan adon, sai na nemi a cire kafin in yi magana.

To, ka fara da ƙofar. Buɗe ta kaɗan, kama ƙarshenta ka ɗaga. Idan ka ji ƙas-ƙas a hinji amma ginshiƙin da aka ɗaure hinjin bai motsa ba, alhamdu lillahi, hinji ne ya ci, gyaransa ba wani abu ba ne. Idan ginshiƙin da kansa yana numfashi tare da ƙofar, gindinsa ya ruɓe. Daga nan rufe ta ka ja da baya, ka dubi tazarar da ke tsakaninta da madigadin baya. Ya kamata tazarar ta zama ɗaya daga sama har ƙasa. In ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, motar ta lotsa a tsakiya. Ka duba ko an goge gefen ƙofar ko an ƙara masa fila don a daidaita tazarar, domin ana yin hakan.

Gwajin da na fi yarda da shi yana buƙatar izinin mai mota. A sa jak a wurin da aka tanada masa a ƙarƙashin dokin ƙofa, a ɗaga a hankali kana saurare. In ka ji ƙarar rugurgujewa, ko ka ga wurin yana shigewa ciki maimakon motar ta tashi, a sauke nan take, ka riga ka sami amsarka. In ta tashi lafiya, buɗe ƙofa ka rufe tana sama. Mota mai lafiya ƙofarta za ta ɗan canza kaɗan, amma za ta rufu. Wadda ta ruɓe, ƙofar za ta ƙi buɗuwa ko ta ƙi komawa. Mai motar da ya hana ka wannan gwaji, ka tambaye shi dalili cikin ladabi, ka kuma saka amsarsa cikin lissafinka.

Sai batun fenti. Ni sabon fenti ba ya burge ni a tsohuwar mota sai na ga hotunan abin da ke ƙarƙashinsa. Tsohon fenti da ya dusashe gaskiya yake faɗa, ka san inda kake. Tafi da ƙaramin maganaɗisu marar ƙarfi sosai, ka naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce jiki. Bi da shi ƙasan ƙofofi, bakin ramin taya, bayan fitilun gaba, da ƙasan madigadi. Inda ya kama ya saki, fila ce. In ka sami na'urar auna kaurin fenti ya fi. Fentin masana'anta yakan tsaya wajen maikiron 100 zuwa 150, wanda aka sake fesawa ya kai 200 zuwa 300 ko sama, abin da ya doshi 1,000 kuwa milimita guda ke nan, fila ce ba shakka. Amma motar 1973 da wuya a ce ba a taɓa sake mata fenti ba, don haka kada yawan lambar ya dame ka. Abin lura shi ne tsalle: nan 250, taƙi ɗaya gaba 900. Ka kuma sani maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko dalma. MGB ta farko-farko bonet ɗinta na alminiyam ne har wajen 1969, taka ta 1973 kuwa na ƙarfe ne, kuma masana'antun da sukan cike wasu mahaɗai da dalma, wanda ba laifi ba ne.

Ido ma yana da nasa aikin. Tsaya a gaban motar ka tsuguna, ka kalli gefenta a tsaye da haske: fila takan bar igiya-igiya. Nemi mahaɗan da masana'anta ta bari, musamman layin da ke tsakanin dokin ƙofa da madigadin baya. In an shafe shi sumul, an rufe wani abu. A gefen ƙasa kuma ya kamata ka ga jerin 'yan ɗigo-ɗigon waldar masana'anta da hudojin fitar ruwa. Baƙin kwaltan da ake shafa wa ƙarƙashin mota in ya yi kauri kuma sabo ne, ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba. Ƙarfe mai kyau yana amsawa da ƙara mai tsini, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokaci ma ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki.

Danshin kafet ɗin nan kada ka yarda a ce maka ruwan wanki ne. Ɗaga shi gaba ɗaya, har da audugar da ke ƙarƙashi, domin ita ce ke riƙe ruwa wata da watanni tana jiƙa ƙarfe. Duba kusurwar da daɓe ya haɗu da dokin ƙofa, da wurin da ƙafa ke takawa. A MGB ruwa yana shigowa ta hanyoyi da dama, rufi ɗaya ne kawai daga ciki. Gaban gilashin gaba akwai 'yar raga da hita ke shan iska ta nan. Ƙarƙashinta wani akwati ne mai bututun roba da ke zubar da ruwan sama, kuma bakin bututun yana toshewa da ganye da ƙasa. In ya toshe, akwatin ya zama tafki, ya ci, ruwa ya riƙa ɗiga kan ƙafar direba ko da rufin sabo ne fil. Gyaran wurin wahala ne, don yana bayan dashbod. Sa tocila ka leƙa, ka zuba ruwa kofi guda ka ga ko zai fito ta ƙasa.

Sauran wuraren ba sai na daɗe a kansu ba. Bayan kujeru akwai ramin batir. Motar 1973 batir biyu take ɗauka masu bolt 6 kowanne, ruwan batir kuma yana cin mazauninsu. Duba inda sifirin ɗin baya ya kama jiki, da ƙasan but, da saman tankin mai, da cikin ramin tayar gaba can sama inda wani ɗan akwati ke tara laka. A saman ƙofa kusa da ƙaramin gilashin kusurwa za ka iya ganin tsaga. Sananniyar cuta ce ta MGB, walda tana maganinta, kada ta tsorata ka. Bamba da sauran kayan ƙyalli duk ana samunsu.

Wannan hanyar tunani ba ta MGB kaɗai ba ce, kowace irin mota da inda ruwa ke kashe ta. Mercedes SL ƙirar R107, ta 1971 zuwa 1989, takan ruɓe a bangon da ya raba inji da mazauni, ƙarƙashin murfin fankar hita, inda ba a gani sai an kwance. Ford Mustang ta shekarun 1960 tana yoyo ta akwatin gaban gilashi, ruwan ya sauka ya ci daɓe da akwatunan ƙarfafawa da ke kusurwoyi. Mazda MX-5 ta 1989 tana da magudanai biyu bayan kujeru da ke kwashe ruwan rufi, in sun toshe sai ƙarshen dokin ƙofa ya ci daga ciki. Triumph TR6 tana da shasi dabam, amma takan ruɓe daidai inda hannun ƙafar baya ya kama shi. Tarihin inda mota ta zauna ma yana da muhimmanci. Wadda ta yi rayuwarta a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kamar Ingila da arewacin Amurka, ƙarfenta ne ke shan wuya. Wadda ta fito daga busasshen wuri irin Arizona, ƙarfenta kan tsira, rana ta cinye roba da rufi da kujeru. In an ba ni zaɓi, ta biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Yanzu rufin. Abu uku ne a haɗe, kuma mutane ɗaya kawai suke kallo: akwai yadin, akwai ƙarafan da ke ɗauke da shi, akwai robobin da ke toshe mahaɗa.

Yadin iri biyu ne a mafi yawan motoci. Na farko leda ce mai kauri da aka yi wa bayan zare, irin wadda MGB ta fito da ita daga masana'anta. Tana da sauƙin wanki, amma tana ƙanƙancewa da tsufa, tana kuma taurarewa a sanyi. Na biyu yadi ne mai hawa uku, saƙa a waje, roba a tsakiya, wata saƙar a ciki, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Sonnenland da Stayfast. Ya fi kyau a ido, ya fi naɗuwa, ya fi tsada, kuma yana son a riƙa goge shi da buroshi mai laushi. A tsohon rufi zare ne ke fara mutuwa kafin yadi, don haka ja ɗinkin a hankali ka gani. Tagar baya da ka ce ta yi ja, sinadarin da ke sa ledar laushi ne rana ta ƙone. Hazo-hazo na sama ana iya goge shi da man goge leda, amma in launin ya shiga jiki, ya zama ruwan ƙasa, ba abin da zai dawo da shi, kuma ranar da aka naɗe ta cikin sanyi za ta tsage. Ana iya ɗinka sabuwar taga a tsohon rufi, sai dai tunda naka ya riga ya yage a gefe, kuɗin aikin biyu ya kusa na sabo. Canza shi gaba ɗaya.

Amma ka tsaya ka dubi inda ya yage ɗin, domin yaga tana da dalili. In a daidai gaɓar ƙarfe take, to ƙarfen ya lanƙwashe ko wani kan ƙusa ya fito yana cizon yadi duk lokacin da aka naɗe. Ka ɗaura sabo a kan wannan, shekara ba za ta zagayo ba zai yage a wuri guda. Shi ya sa ƙarafan suka fi yadin muhimmanci a wurina. Daga 1970 MGB ta koma amfani da ƙarafa masu naɗewa irin zanen Michelotti, mai zanen motoci ɗan Italiya, su ne a taka. Sauke rufin ka tayar da shi da hannunka, sau biyu ko uku. Ya kamata ɓangarorin biyu su tafi tare, ba ɗaya ya riga ɗaya ba. Gaɓoɓin kada su yi sako-sako, kada kuma su cije. Sandar gaba da ke kama saman gilashi ita ce ta fi ruɓewa, domin yadi ya naɗe ta, ruwa yana kwana a ciki. Matsa ta da yatsa daga wannan kai zuwa wancan. Maƙullan biyu su kama ba tare da an yi kokawa ba. In sai mutum biyu sun ja kafin su kai, ko dai yadin ya ƙanƙance saboda an bar shi a naɗe shekara da shekaru, ko kuma tazarar da ke tsakanin gilashin gaba da bayan motar ta canza, wanda ya sake mayar da mu kan dokin ƙofa.

In motar tana da rufin ƙarfe ko na faiba da ake ɗorawa a cire, ka sa a cire shi a gabanka. Yana ɓoye rufin tamfol ɗin da ya ruɓe a raminsa, yana kuma ƙara wa jiki ƙarfi har ya rufe asirin motar da ta lotsa. Motocin da suka zo daga baya masu rufin haidirolik, irin SL ƙirar R129 mai silinda sama da goma, nasu lissafin dabam ne. Taka da hannu ake yi, wannan ma wani sauƙi ne.

Robobi kuwa a ɗauka kawai cewa za a canza su. Gwada su haka: tayar da rufi, ɗaga gilasai, ka zauna a ciki wani ya zuba ruwa daga sama da tiyo, a hankali kamar ruwan sama, ba da injin wanki mai ƙarfi ba. Gaskiya ita ce babu motar Ingila ta wancan zamani da ba ta ɗan ɗiga a kusurwar gilashi in ruwa ya yi ƙarfi. Ɗigo kaɗan ba komai. Ruwan da ke gangarowa ta bayan dashbod ko yake taruwa bayan kujera, shi ne abin bincike. In ka saye ta, ka riƙa shafa wa robobin man silikon, ka guji giris da duk wani mai na fetur domin yana kumbura su. Kada ka naɗe rufi yana jiƙe, fumfuna za ta kama shi, kuma in za ta daɗe a ajiye a bar rufin a tashe, a ɗaure.

Ina roƙonka abu ɗaya, domin na ga yadda ake asara a nan: kada ka fara da rufi don shi ne ke ɓata maka ido. Sabon rufi ana daidaita shi ne da gilashin ƙofa, gilashin ƙofa yana bin ƙofa, ƙofa kuma tana bin dokinta. In aka ɗaura rufi a kan motar da ta lotsa, ranar da mai walda ya miƙar da ita rufin ba zai sake zama daidai ba, ga tartsatsin walda da ƙurar fenti da za su lalata shi. Ƙarfe tukuna, sannan fenti, sannan robobi, rufi a ƙarshe. Wajen canza dokin ƙofa kuma ka tabbata mai aikin ya tokare ramin ƙofa da sandar ƙarfe kafin ya yanka, ya bar ƙofar a jiki yana gwada tazara da ita, ya kuma gama gefe ɗaya kafin ya taɓa ɗayan. Bayan an gama a fesa man kariya mai kama da kakin zuma a cikin akwatunan, a bar hudojin ruwa a buɗe.

MGB tana da wata gata da yawancin tsofaffin motoci ba su da ita. An ƙera sama da 500,000 idan aka haɗa da mai rufin ƙarfe, kayan jikinta kusan duka ana yin sababbi, kuma tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodi sukutum da ainihin kayan buga ƙarfe na masana'antar. Don haka ruɓewa ba ta kashe ta. Abin da take yi shi ne ta mayar da motar hawa ta zama aikin watanni, wanda kuɗinsa kan ninka na rufi sau da yawa, wani lokaci ya zarce darajar motar kanta.

Hukuncina a kan wadda ka gani: kada ka biya kuɗin motar da rufi kaɗai take buƙata sai ƙofar nan ta wanke kanta. Koma da tocila da maganaɗisu da jak, in da hali da wanda ya saba aikin bodin tsofaffin motoci, a hau da ita kan rami a duba ƙarƙashi da rana. Ka nemi hotunan da aka ɗauka kafin a fesa fentin, da takardun aikin walda in an yi. In hinji ne kawai ya ci, daɓe kuma ya amsa da ƙara mai kyau, saye ta ka cire kuɗin rufi da robobi daga farashin. In tazarar ƙofa ta matse a sama, ko jak ya shige ciki, to ka yi ciniki a kan cewa dokin ƙofa biyu da wani ɓangare na daɓe za a canza, tare da sake fentin gefunan biyu. Mai motar in bai sauko zuwa nan ba, bar masa ita ka nemi wata, domin MGB ba ta yi ƙaranci a kasuwa ba.